Malam Bello Kagara: ɗan alkalin da ya gudu daga Nasara, ya dawo yana koyarwa a makarantarsu

In ana maganar Kwalejin Katsina yawanci sunayen ɗalibai ake jerowa, ace Sardauna, ace Tafawa Ɓalewa, Kashim Ibrahim, Makaman Bida, Isa Kaita, daga nan sai a ɗan taɓo Turawan da suka koyar a wuce. Da wuya kaji wani ya tsaya kan malaman gida da suka sha alli a wannan makarantar, alhali ba dan su ba da iyaye da yawa basu yarda sun saki 'ya'yansu ba. Ɗaya daga cikinsu shine Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda aka haifa a 1890 ya rasu a 1971. Masu karatun Hausa sun sanshi ta littafin Ganɗoki, wasu kuma sun sanshi ne kawai a matsayin yayan Abubakar Imam, amma aikin da ya cinye ƙuruciyarsa da ƙarfinsa malanta ce, Larabci da addini yake koyarwa a makarantar boko. Kuma abinda ke jan hankali a lamarinsa shine gidan da ya fito gida ne da ya taɓa tattara komatsansa ya bar gari dan kar ya zauna ƙarƙashin Bature.

Gidan da ya fito

Mahaifinsa Malam Shehu Usman, malami ne kuma alkali, shi yayi alkalancin Kagara, garin da yanzu yake jihar Neja a ƙaramar hukumar Rafi, a wancan lokacin kuwa yana cikin lardin Kontagora. Asalin gidan ba 'yan nan bane, daga Barno suka taso ta wajen Dikwa, suka gangaro ƙasar Nupe, daga baya reshen da Malam Shehu ya fito ya samu kansa a Kontagora. Wannan ba baƙon abu bane a tarihin malaman ƙasar nan, malami baya da gona ɗaya da zai ce dole sai nan, inda ake neman mai karatu da mai rubutu da wanda zai raba gado ya ɗaura aure ya yanke shari'a nan yake sauka, sarki ya bashi masauki, almajirai su taru, in zaman ya ƙi ya ƙara gaba. Har yau a ƙasar Nupe akwai garuruwa irin su Kutigi da mutanensu ke cewa kakanninsu Barebari ne.

To Kontagorar da suka sauka fa ba gari bane na zaman lafiya. Umaru Nagwamatse ya kafa ta, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu kenan, kuma sarautar Sarkin Sudan daga Sakkwato aka bashi ita. Ɗansa Ibrahim ya hau a 1880, kuma duk wanda ya karanta tarihin yankin ya san da me yayi suna, yaƙi da kamun bayi, Gwarawa da Kamukawa da Kambari sun ɗanɗana kuɗarsu a hannunsa, garuruwa suka watse mutane suka haye duwatsu. Turawa sun rubuta cewa da akace ya bar kamun bayi sai yace ai ba a hana kyanwa kama ɓera. Na kawo wannan ne saboda mu Hausawa muna da halin in za mu bada labarin zuwan Turawa sai mu wanke duk wanda ya ja da su tas, alhali in ka tambayi jikokin waɗanda aka kora kan duwatsu wani labarin daban za su baka. A fadar wannan sarkin mahaifin Bello yake, cikin malamanta, a nan yaron ya buɗe ido.

Farkon 1901 sojojin Lugga, Baturen da ke shugabantar mulkin Arewa a lokacin, suka afka wa Kontagora, Sarkin Sudan Ibrahim ya fice da jama'arsa ya nufi ƙasar Zazzau, iyayen Bello na cikin waɗanda suka bishi. Lissafa ka gani, yaro ne ɗan shekara 11, ba jariri bane da za a ce baya tuna komai, shekarun da yaro ke riƙe abu ne har ya tsufa. Gudun bai yi tsawo ba. Sarkin Zazzau Kwasau da ya ga baƙin nasa sun fara cin ƙasarsa sai ya nemi taimakon Turawa, a 1902 aka kama Ibrahim, shi kansa Kwasau ɗin bai daɗe ba Turawan da ya kira suka tuɓe shi. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, a Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Abin mamaki a 1903 ɗin dai Turawa suka maida Ibrahim kan gadonsa na Kontagora, yaci gaba da sarauta har 1929. Kaga kenan wanda aka gudu dominsa ma ya dawo ya zauna da Bature, to malamin da ya bishi me zai tsaya jira.

Abinda alkali ya hango

Nan ne nake ganin lamarin ya juya. Malam Shehu ya zama alkalin Kagara ƙarƙashin sabon tsari, kuma Kagara ba nisa da Zungeru, inda hedikwatar Turawan Arewa take a lokacin tun daga 1902, wato duk abinda Nasara ke ƙullawa kusan a ƙofar gidansa ake yinsa. Turawa basu rushe kotun alkali ba, sun barta, amma sun saka ta cikin tsarinsu. Alkali ya koma ɗan albashi, shari'a sai an rubuta ta a littafi, tara da kuɗin kotu sai an lissafa an kai baitulmali, Razdan ko Di'o na iya zuwa ya buɗe littafin ya duba. Mutumin da ke zaune a irin wannan kujerar ba sai an gaya masa ba, yana gani da idonsa cewa malamin gobe in bai iya rubutun Bature da lissafinsa ba to wani akawu daga kudu ne zai riƙa rubuta masa, shi kuma ya dangwala hannu kan abinda bai karanta ba.

Yawancin masu sarauta da malamai ba haka suka kalli abin ba. In akace hakimi ya kawo yaro makaranta sai ya duba cikin 'ya'yan barorinsa ya miƙa, nasa kuma ya ɓoye. Yara na bin 'yan makaranta da waƙar tsokana, ga karatu ba sallah sai yawan zagin malam. Uwa na kuka in an ɗauki ɗanta kamar an kaishi lahira. Kuma gaskiya tsoron nasu ba na banza bane, makarantun boko na farko da aka sani na 'yan mishan ne, ga Dakta Miller zaune a cikin birnin Zariya yana wa'azinsa kafin daga baya su koma Wusasa, mutane sun ga yaran da suka shiga hannunsa sun canza addini. Dan haka alkali guda ya ɗauki babban ɗansa, wanda ya riga yayi nisa a karatun zaure, ya tura shi Kano makarantar Ɗan Hausa, ba ƙaramin abu bane, sai ya shirya jin magana daga 'yan uwansa malamai.

Makarantar Ɗan Hausa ita ce wadda Hanns Vischer ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909. Vischer haifaffen ƙasar Suwizalan ne, ya fara zuwa ne a ɗan mishan kafin ya koma aikin gwamnati, kuma ya iya Hausa sosai shi yasa sunan ya bishi. Lugga ya riga yayi alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta taɓa addini ba, an kuma taƙaita shigar mishan ƙasashen sarakuna, to dole gwamnati ta gina makarantunta da kanta, makaranta kuwa sai da malami, malamin kuma dole ya zama Musulmi wanda mutane suka yarda dashi. Dabarar Vischer ita ce ya tara malaman da suka riga suka yi karatun addini ya koya musu rubutun boko da lissafi da ɗan labarin ƙasa da kiwon lafiya, cikin harshen Hausa, sannan ya watsa su larduna su buɗe makarantu. Bello na cikin irin waɗannan. Lokacin ya kai shekara ashirin ko kusa, mutum da gemunsa na fitowa, hannun da ya saba jan alkalami daga dama zuwa hagu ya koma koyon a, ba, ca daga hagu zuwa dama kamar ɗan yaro. Da ya gama sai aka tura shi koyarwa makarantar lardi ta Zariya, ƙasar da ya taɓa shiga yana ɗan gudun hijira.

Katsina

A 1921 aka fara Kwalejin Katsina, Gwamna Hugh Clifford yazo ya buɗe ta a hukumance a Maris 1922, kuma Malam Bello na cikin malaman da aka fara da su. Clifford bai ɓoye dalilin zaɓen Katsina ba, yace tsohon gari ne na ilimi, garin Gobarau da Ɗan Marina da Ɗan Masani, sannan kuma babu layin dogo kusa da zai kwaso wa yara abubuwan da Turawan basa so su gani. Makarantar horar da malamai ce, ana zaɓo yaran da suka fi ƙoƙari daga makarantun larduna a kawo su su yi shekara 5 su koma garuruwansu su koyar. Ga kuma Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda Turawa suka naɗa a 1906 bayan sun tuɓe Yero, sarauta ta bar gidan Dallazawa ta koma Sulluɓawa, mutum ne mai son sabon abu, a 1921 ɗin ma yaje Hajji ya biya ta Ingila. Ginin makarantar na ƙasa ne da azara irin na magina Katsinawa, yana nan har yanzu an maida shi gidan tarihi.

Yanzu ka duba matsayin malamin Larabci a irin wannan wuri. Shugaba Bature, manyan darussa da Turanci, da yamma yara na wasan kurket da fives, wato buga ƙwallo a bango da hannu, Sardauna har ya zama Firimiya bai bar fives ba. In mahaifi a Sakkwato ko Yerwa ko Bida ya tambaya wai can Katsinan wa ke kula da sallar yaran nan, wa ke musu fiƙihu, amsar da za a bashi ita ce akwai Malam Bello ɗan alkalin Kagara. Wannan amsar ita ke sa uba ya ɗan saki ransa. Turawan ma sun sani, shi yasa darasin addini bai taɓa fita daga jadawali ba.

Amma aikin kansa fa akwai wuya, kuma wuyar ba irin wadda ake zato bace. A zaure yadda Malam Bello ya taso, kowane ɗalibi da littafinsa da inda ya tsaya, wannan na Ahalari, wancan na Ishmawi, wani ya kai Iziyya ko Risala, manya na Askari. Ɗalibi ya matso ya durƙusa ya buɗe warƙarsa ya karanto jimla, malam ya fassara masa da Hausa gaɓa gaɓa, yana cewa na'am, na'am, in malam ya ga ya isa yace to tsaya nan, sai na gaba ya matso. Ba ƙararrawa, ba jarrabawa, ba wanda zai ce maka dole ka sauke littafi kaza kafin damina, wani sai ya shekara goma a littafi ɗaya ba wanda ya raina shi. A kwaleji kuwa yara ne a jere kan benci, duk shafi ɗaya, malam a tsaye su a zaune wanda a zaure ma wannan rashin ladabi ne, ana tsakiyar bayanin sujada ƙabli da ba'adi sai ƙararrawa ta kaɗa su tashi su tafi ajin lissafi, ƙarshen zango kuma sai ka zauna ka baiwa yaro maki kan sanin farillan alwala, ka rubuta a rijista Bature ya duba. Babu wani littafin koyar da malami da ya tanadi yadda za ayi wannan, su Malam Bello ne suka yanka karatun zaure suka dinka shi daidai da awon jadawali, kuma duk wanda ya taɓa zama ajin addini ko na Arabiyya a makarantar gwamnati a Arewa, a kan wannan ɗinkin ya zauna ko ya sani ko bai sani ba. Akwai abinda aka rasa a ciki kam, zurfin da zaure ke bayarwa aji baya bayarwa, kuma malaman soro basu fasa yi wa na boko kallon masu rabin karatu ba har yau. Amma dayan zaɓin shine a fitar da samarin da za su riƙe ƙasa basu san komai na addininsu ba sai abinda suka baro a makarantar allo suna 'yan shekara goma.

Yaran da suka ratsa makarantar a shekarunsa kuwa ba sai an faɗa ba. Kashim Ibrahim ya shiga a 1925, Ahmadu Bello daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933. Shi Ɓalewa ma misali ne na abinda na faɗa a sama, mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala ba basarake bane, yaron gidan Ajiyan Bauchi ne. Duk malamai aka horar da su su zama, kuma duk sun koyar ɗin, Sardauna a Sakkwato, Ɓalewa a Midil ta Bauchi, Kashim a Barno, siyasa daga baya tazo ta kwashe su.

Ƙanen da ya ɗauko

Abubakar Imam an haife shi a Kagara a 1911, tsakaninsa da Bello shekara 21, wato yaya ne amma a matsayin uba yake. Bello ne ya ɗauko shi ya kawo shi Katsina ya saka shi makaranta, a hannunsa ya tashi, a 1927 ya shiga kwalejin da yayan ke koyarwa, ya fito a 1932 ya kama malanta a Midil ta Katsina. Kaga yadda abin ke tafiya a gidan, uba ya tura babba, babba ya samu gindin zama ya jawo ƙarami, kuma ƙaramin bai sha wahalar da babban ya sha ba, shi tun yana yaro ya haɗa allo da boko, Turancinsa ya fi na yayan nesa ba kusa ba. Masu rubuta tarihin Imam sukan fara ne daga ranar da Baturen nan na hukumar talifi Rupert East ya gano shi, ni kuwa ina ganin ya kamata a fara daga ranar da yayansa ya ɗauko shi daga Kagara, dan da an barshi can da wataƙila alkalin ƙauye za a samu mai daɗin hira, shikenan.

A 1933 East, wanda ke riƙe da hukumar fassara da talifi a Zariya, ya zaga manyan garuruwa yana neman malamai su rubuta labarai na ƙirƙira da boko dan a samu abin karantawa a makarantu. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa ya sha wuya kafin ya shawo kansu, saboda a wurin malami rubutu na addini ne da ilimi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce da dare, malami mai mutunci baya zama ya rubuta abinda ya san bai faru ba. Littattafai 5 aka zaɓa aka buga, Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na Bello, Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida da East. Biyu daga gida ɗaya, na uku kuma ɗalibin kwalejin. Imam saurayi ne ɗan 22, a ce ya rubuta labarin barkwanci ba abin mamaki bane. Wanda ya bani mamaki shine Bello, mutum ɗan 43, malamin addini, ɗan alkali, irin mutanen da East ke kuka da su sak, amma ya zauna ya rubuta.

Kuma da ka karanta abinda ya rubuta sai ka gane dalili. Ganɗoki jarumin Kontagora ne, mayaƙin Sarkin Sudan, ya gwabza da Nasara, ya ƙi miƙa wuya, ya bi sahun masu hijira zuwa gabas. Kashin farko na littafin kusan tarihi ne tsagwaronsa da sunayen garuruwa da sarakuna na gaske, yaƙin da yaro ɗan shekara 11 ya gani ya kuma ji manya na maimaitawa. Daga nan sai labarin ya tashi sama, Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka faɗa ƙasashen aljanu da matsafa suna yaƙi suna musuluntar da mutane, nasarar da ba a samu a gida ba aka je aka samo ta a can inda babu bindiga mai ruwa. A ƙarshe ya dawo gida ya tarar da ƙasa ta canza, Bature ya zauna daram, ga abubuwan zamani, ya kuma karɓi abin yadda ya same shi. Masu nazari sun daɗe suna ja in ja kan wannan ƙarshen, wasu suce ai dole ya rubuta haka tunda Bature ne zai buga littafin kuma Bature ke biyansa albashi, wasu suce a'a duba yadda ya cika littafin da kirari da zugar jarumin da ke sare sojan Nasara, a littafin da gwamnatin Nasaran ta buga da kuɗinta ta raba wa 'yan makaranta. Ni dai abinda na gani shine mutumin ya rubuta hanyar da gidansu ya bi ne, an yi gudun, an ga ba ta ɓullewa, an dawo an zauna, kuma bai ji kunyar ko ɗaya daga ciki ba. Inda zan ɗan ja dashi shine yadda yaƙe yaƙen Kontagora suka fito a littafin kamar jarumta zalla, waɗanda aka kama aka sayar basu da baki a ciki. Ɗan fada ne ya rubuta, ta idon fada ya kalla.

Komawa kujerar uba

Kwalejin ta tashi daga Katsina a 1938 ta koma Kaduna, daga can ta koma Zariya a 1949. Shi kuwa Malam Bello Katsina ta riga ta zama gida. Da ya bar aji sai ya koma aikin da ya gada, ya shiga alkalanci a En'e ta Katsina, wato hukumar mulki ta sarki, har ya zama babban alkali, daga baya aka naɗa shi Walin Katsina. Ya kuma rubuta tarihin Sarki Dikko, wanda ya rasu a 1944 ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. Wasu kan kira shi ɗan sarauta ko mai goyon bayan sarakuna, kuma ba ƙarya suka yi ba, bai taɓa zama irin su Sa'adu Zungur ko Malam Aminu Kano ba, malaman boko da suka juya suka tunkari En'e da sarakuna gaba da gaba. Shi na wancan zubin ne, malamin da ke ganin gyara daga cikin fada ake yinsa. Kakanninsa sun yi wa sarakunan Nupe da Kontagora aiki da alkalami, ubansa yayi wa Sarkin Sudan sannan yayi ƙarƙashin Razdan, shi yayi wa Ma'aikatar Ilimi sannan yayi wa Dikko da Nagogo. Masu gida ne ke canzawa, sana'ar gidan tana nan yadda take, karatu da koyarwa da shari'a.

Mutane kan taƙaita irin wannan da cewa zamani riga ne, amma wannan maganar tayi sauƙi da yawa. Gidajen malamai nawa ne suka ga zamanin nan ɗaya suka ƙi saka rigar, wasu suka bi Attahiru suka wuce har Sudan, jikokinsu na can Mai Wurno a bakin kogin Nilu har gobe, wasu suka zauna a gida suka rufe ƙofa suka ce ɗansu ba zai taka makarantar Nasara ba, kuma suna da hujjarsu, ba jahilai bane. Abinda ya bambanta gidan Malam Shehu shine sun gwada gudun da ƙafarsu sun ga iyakarsa, sannan kujerar alkalanci ta nuna wa uban tun da wuri inda iko ya koma, kuma da zai tura yaro bai tura ɗan bara ba, nasa ya tura, wanda ya riga ya ƙoshi da karatun gida yadda boko ba za ta kwashe shi ba. Sakamakon kuwa a bayyane yake, ɗa ɗaya Walin Katsina, ɗayan kuma ya rubuta Magana Jari Ce ya zama editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Janairun 1939, a 1943 har yaje Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma tare da su Azikiwe, ya zauna da Lugga ɗin nan da sojojinsa suka kori iyayensa daga Kontagora yana masa bayanin matsalolin Arewa.

Malam Bello yayi tsawon rai, ya ga ɗaliban kwalejinsa sun karɓi mulki daga hannun Turawa a 1960, ɗaya Firayim Minista a Legas, ɗaya Firimiya a Kaduna, Kashim Ibrahim kuma ya zama Gwamnan Arewa a 1962. Yana raye akayi juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 aka kashe Sardauna da Ɓalewa, yana raye aka raba Arewa jihohi 6 a 1967, aka kuma karɓe kotunan alkalai daga hannun En'e aka maida su ƙarƙashin gwamnati, wato tsarin da ubansa ya shiga a Kagara shi kuma ya ƙare aiki a cikinsa a Katsina shima ya zo ƙarshe a gabansa. Ya rasu a 1971 yana da shekara 81, shekarar da aka sa wa tsohuwar makarantarsa sunan Kwalejin Barewa. Imam ya biyo bayansa a 1981 a Zariya. Allah ya jiƙansu da rahama.